Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktar Wasanni ta Jami'ar Iowa a Kan Makomar Koci Kirk Ferentz

Zuwa ga Madam Beth Goetz,
Daraktar Wasanni,
Jami'ar Iowa, Amurka.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da duk waɗanda kuke aiki tare. Ni baƙo ne da karatu ya kawo Iowa City, zama ya miƙe har na zama ɗan gari. Ran da na sauka ban san kan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ba. Ina dai ganin ƙarti sanye da hulunan kwano suna karo kamar raguna, alƙalin wasa yana ta hura usur, ban san me aka ci ba balle abin da aka rasa. Wani dattijo maƙwabcina, manomin masara da ya ajiye noma, shi ya zaunar da ni ya koya mini dokokin wasan da ƙwayoyin gyaɗa a kan tebur. Yau kuwa da wuya a yi wasa a filin Kinnick, filin ƙungiyar jami'ar, ban je da rigata baƙa mai ratsin ruwan ɗorawa ba. Na rubuto da Hausa ne domin idan magana ta dame ni da ita nake tunani, kuma domin 'yan'uwana da ke yawan tambayata yadda wasan ɗaliban jami'a yake tara mutum kusan dubu 70 a fili ɗaya, har a biya kocinsa dala miliyan 7 a shekara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidajen rediyo da shagunan aski da wurin ajiye motoci kafin wasa, wai lokaci ya yi da za a sallami Kirk Ferentz, kocin ƙungiyar jami'ar tun 1999, a kawo sabon jini. Ina roƙonki kada ki yi haka. Sai dai ba zan ce masu wannan kira ba su da hujja ba, domin ni ma na sha fita daga filin nan raina a ɓace.

Ina wurin ranar 3 ga Satumba, 2022, da muka kara da South Dakota State, ƙungiyar da ke rukuni na ƙasa da namu. An tashi 7 da 3. Wanda bai kalla ba zai zaci mun tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo sau ɗaya ne muka sami bakwai ɗin nan. Ko sau ɗaya ba mu tsallaka ba. Maki uku daga bugun ƙafa suka zo, sauran huɗun kuwa 'yan bayanmu ne suka samo su bibbiyu, da suka kayar da abokan karawa a cikin gidansu. Awa uku muna zaune, 'yan gaba su shigo su yi yunƙuri uku su koma benci. Jama'a suka fara yi musu ihu. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni, wadda ta ce mini tun zamanin Hayden Fry, kocin da Ferentz ya gada, take zuwa, ba ta yi ihun ba, ta dai dafe kai da hannu biyu har aka tashi.

Shekarar 2023 ta fi wannan ciwo. Mun ci wasa 10, abin da ƙungiyoyi da yawa ke mafarki, amma maki 15 da ɗoriya muke ci a kowane wasa, kuma 'yan gabanmu ne na ƙarshe a duk ƙasar wajen nisan da suka tafi da ƙwallo. Da muka haɗu da manya sai asiri ya tonu. Penn State ta ci mu 31 da nema, Michigan 26 da nema a wasan ƙarshe na Big Ten, gasar rukunin jami'o'in da muke ciki, Tennessee 35 da nema. Maki 92 aka zuba mana a wasa uku ba mu rama ko ɗaya ba. Ɗan wasan da muka fi yi wa tafi a kakar shi ne Tory Taylor, ɗan Ostareliya, wanda aikinsa doka ƙwallo nesa idan hari ya ci tura. Mai tsara harin kuwa ɗan kocin ne na cikinsa, Brian Ferentz, wanda ya riƙe wannan aiki kaka bakwai. Kowa a jihar nan ya san da wani ne daban da bai kai haka ba. Wannan laifi na uban ne, kuma babu amfanin a ɓoye.

Ke ce kika yanke wannan igiya, tun kina riƙon ƙwarya, a ƙarshen Oktoban 2023, da kika sanar cewa Brian ba zai dawo ba bayan kakar. Na san ba abu ne mai sauƙi ba sabon shiga ya faɗa wa mutumin da ya fi shekara ashirin a kujera abin da ba ya son ji, a kan ɗansa. Mun gode miki. Zuwan Tim Lester a madadin Brian ya sa harin ya farfaɗo, har Kaleb Johnson ya ruga da ƙwallo yadi sama da 1,500 a 2024. Na kawo wannan ne domin ki tuna cewa da kanki kin nuna ana iya gyara ɗaki ba sai an rushe gida ba.

Masu son canji suna kuma cewa rabonmu da kofin Big Ten tun 2004, shi ma raba shi muka yi da Michigan. Ba mu taɓa shiga gasar fitar da zakaran ƙasa ba, ko da aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi 12 a 2024. Rabonmu da cin Rose Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙarshen kaka da ake gayyatar ƙungiyoyin da suka taka rawar gani, tun Janairun 1959. Duk gaskiya ne.

Akwai kuma abin da ya fi kofi nauyi a wurina, ni da nake baƙar fata. A 2020 tsofaffin 'yan wasa baƙaƙe da dama suka fito fili suka faɗi irin wariya da ƙasƙancin da suka sha a cikin ƙungiyar. Jami'a ta rabu da mai horar da ƙarfin jiki, Chris Doyle, wanda yake tare da Ferentz tun 1999. Binciken da lauyoyi na waje suka yi ya nuna cewa dokokin ƙungiyar sun danne baƙaƙen yara. A 2023 aka biya wasu daga cikinsu sama da dala miliyan 4 don a kashe shari'a. A wancan lokaci, da an ce mini an kori Ferentz a kan wannan, da ban yi jayayya ba. Ferentz ya amsa cewa ya makance a kan abin da ke faruwa a gabansa, ya sassauta wasu dokoki, yara suka ci gaba da zuwa. Ban ce an wanke shi tas ba. Zan dawo kan wannan a ƙasa, domin yana cikin abin da nake nema a wurinki.

To me ya sa duk da haka nake cewa a bar shi? Ranki ya daɗe, ki dubi yamma, ki dubi maƙwabciyarmu Nebraska.

Nebraska ta fi mu tarihi nesa ba kusa ba. Kofin ƙasa biyar gare ta, uku daga ciki a 1994 da 1995 da 1997. A 2003 tana da koci Frank Solich, ɗan gida, wanda ya ci wasa 58 aka ci shi 19, har ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 2001. Shekarar da aka kore shi wasa 9 ya ci, aka ci shi 3. Daraktan wasanninsu na lokacin, Steve Pederson, ya ce ba zai bari ƙungiyar ta gangara ta zama ta tsaka-tsaki ba. Kakar da ta biyo baya, a hannun Bill Callahan, suka ci 5 aka ci su 6. Rabon da su ga irin wannan tun 1961, kuma nan ne al'adarsu ta zuwa wasan ƙarshen kaka shekara 35 a jere ta yanke.

Ba su ɗauki darasi ba. Bo Pelini ya zo ya yi kaka bakwai, babu wadda bai ci wasa 9 ko fiye ba, jimilla 67 da 27. A ƙarshen Nuwamban 2014 ya zo filinmu ya ci mu 37 da 34 bayan ƙarin lokaci, kwana biyu bayan haka aka sallame shi. Da aka tambayi daraktansu Shawn Eichorst ko cin Iowa bai isa ya ceci Pelini ba, amsarsa ta nuna bai ɗauki Iowa a bakin komai ba. Wannan magana har yau ba a manta da ita a garin nan ba. Shekara bakwai a jere, daga 2015 zuwa 2021, muna cin Nebraska. Mike Riley ya zo ya tafi da 19 da 19. Aka ɗauko Scott Frost, ɗan gida, gwarzon da ya ci musu kofi yana ɗan wasa, ana ta shagali kamar an gama. Ya ci 16, aka ci shi 31, aka biya shi dala miliyan 15 ya tafi. Kaka bakwai, daga 2017 zuwa 2023, Nebraska ba ta leƙa wasan ƙarshen kaka ba. Garin neman ƙiba suka samo rama, kuma wasa taran nan da suka raina a hannun Solich da Pelini shi suke ta nema ruwa a jallo.

Ki dubi gabas kuma. Wisconsin ta kori Paul Chryst a Oktoban 2022 yana da 67 da 26, ta ɗauko Luke Fickell, sunan da kowa ke so a lokacin. A 2024 suka rasa wasan ƙarshen kaka bayan shekara 22 ba fashi. Mun ci su 42 da 10 a 2024, mun je gidansu a 2025 mun ci su 37 da nema. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa gemu biyu muka ga sun ƙone, dama da hagu.

Na san sunan da za a kawo miki: Jojiya. Sun sallami Mark Richt a 2015 yana da 145 da 51, suka kawo Kirby Smart, ya ci musu kofin ƙasa a 2021 da 2022. Haka ne, kuma ba zan raina wannan ba. Amma jihar Jojiya mutum miliyan 11 ce, makarantun sakandarenta suna cikin waɗanda suka fi fitar da gwanayen wannan wasa a Amurka. Richt yana zaune a kan rijiya ne bai ɗebi ruwan da ya kamata ba. Mu mutum miliyan 3 da ɗan kai ne, gonakin masara da waken suya, ga Iowa State muna rabon yara da ita. Za a kuma kawo miki Indiana, wadda Curt Cignetti ya ɗaga daga ƙasa ya kai ta kofin ƙasa a kakarsa ta biyu. Abin mamaki ne, kuma na yarda ya girgiza ni. Sai dai kocin da Indiana ta sauya wasa 3 ya ci aka ci shi 9 a kakarsa ta ƙarshe. Ba su da abin asara. Kuma wannan Indiana ɗin da ta gagari kowa a 2025, da ƙyar ta fita daga Kinnick da 20 da 15. Oregon ma da 18 da 16 ta tsira. Wasa huɗun da aka ci mu a kakar babu wanda tazararsa ta wuce maki biyar.

Abin da Ferentz ya iya, wanda nake jin tsoron ba a ganin darajarsa saboda an saba da shi, shi ne ɗaukar yaron da manyan jami'o'i suka wuce ba su waiwaya ba ya mayar da shi gwani. Dallas Clark ya shigo ba tare da guraben tallafin karatu ba, a wani matsayi daban, ya fita yana cikin fitattun masu cafe ƙwallo. George Kittle sai a zagaye na biyar aka zaɓe shi a NFL, gasar ƙwararrun wannan wasa, yau duk mai kallon wasan ya san shi. Tristan Wirfs ɗan Mount Vernon ne, Tyler Linderbaum ɗan Solon, ƙananan garuruwa biyu da ke nan kusa da mu, har kokawa sun yi da juna suna sakandare. Cooper DeJean daga Odebolt ya fito, ƙauyen mutum kusan dubu, shi ne ya tare jifan Patrick Mahomes ya ruga da ƙwallo har gida a Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, na Fabrairun 2025, ranar da ya cika shekara 22. Wannan aiki na haƙuri ne, kamar kiwo. Yana bukatar mutanen da ba sa tashi, irin su Phil Parker, mai tsara tsaron baya, wanda yake tare da Ferentz tun 1999 kuma 'yan bayansa suke riƙe mu duk shekarar da 'yan gaba suka kwanta. Ranar da aka kori Ferentz da wulaƙanci, ban ga abin da zai zaunar da waɗannan mutane ba. Yaran ma yanzu doka ta ba su damar sauya jami'a yadda suke so, a mako ɗaya ɗaki zai iya zama fayau.

Tun daga 2015 babu cikakkiyar kakar da ba mu ci wasa 8 ko fiye ba. A 2015 mun ci 12 a jere. A Satumban 2025 Ferentz ya ci wasansa na 206, ya wuce Woody Hayes, tsohon kocin Ohio State, ya zama kocin da ya fi kowa cin wasa a tarihin Big Ten. Matasan da ke cewa wasa takwas ba komai ba ne ba su ga jiya ba. Maƙwabcina dattijon nan ya gani. Yakan ba ni labarin shekarun 1962 zuwa 1980, da Iowa ba ta yi kaka ko ɗaya da cinta ya rinjayi rashinta ba, da 1973 da aka ci ta duk wasa 11. Tun 1979 koci biyu kacal jami'ar nan ta yi, Fry da Ferentz. Zaman lafiyar da muke ciki daga nan ya samo asali.

Kuma ba kullum ne tsaka-tsakin ba. Ranar 4 ga Nuwamba, 2017, Ohio State ta zo mana tana cikin manyan ƙasa. A yunƙurin farko na wasan Amani Hooker ya tare jifansu ya kai gida, daƙiƙa takwas da farawa. Muka ci su 55 da 24. Mutumin da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana kuka, muka gangara cikin fili tare da dubban jama'a. A wannan kakar ce kuma aka fara abin da ya ɗaure ni da filin nan har abada. Idan aka gama kashi na farko na wasa, kowa da kowa, 'yan kallo da 'yan wasan ɓangare biyu da alƙalai, sai a juya wa fili baya a fuskanci asibitin yara da ke tsaye a gefen filin, a ɗaga wa yaran da ke jinya a hawa na 12 hannu. Daga ƙasa kana hango ƙananan hannuwa manne da gilashi. Magoya baya ne suka ƙirƙiro wannan, ba Ferentz ba. Amma a wannan shekarar shi da matarsa suka ba asibitin dala miliyan 1 don binciken lafiyar jarirai bakwaini. Mutum ne da ya kafa gida a nan, ya ƙi tafiya lokacin da ƙungiyoyin NFL ke zawarcinsa.

Sai batun kuɗi, wanda kin fi ni sani. Texas A&M ta ɗauki nauyin biyan kocinta Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don kawai ya tafi. Kwantiragin Ferentz sai 2029 zai ƙare. Ga shi tun 2025 jami'o'i suna biyan 'yan wasa kai tsaye, har dala miliyan 20 da ɗoriya a shekara. Duk dalar da aka ba koci don ya zauna a gida, an cire ta ne daga abin da za a riƙe yara da shi.

Yanzu ga abin da nake nema a wurinki, domin barinsa a kujera ba ya nufin a naɗe hannu.

Mutumin nan ya haura shekara 70. Ko an so ko an ƙi, tafiyarsa ta kusa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mun taɓa yin wannan kuskure. Fry ya yi ritaya a ƙarshen 1998 yana fama da ciwon daji, bayan kakar da ya ci 3 aka ci shi 8. Ba a shirya ba. Bob Stoops, tsohon ɗan wasanmu, ya wuce Oklahoma ya ci musu kofin ƙasa a 2000. Ferentz ya tarar da rumbu babu komai, ya ci wasa 1 a kakar farko, 3 a ta biyu. Allah ya sa an yi haƙuri da shi, amma a zamanin nan babu mai ba sabon koci irin wannan lokaci. Mun kuma ga Penn State, da ta kori James Franklin a tsakiyar kakar 2025, wata tara bayan ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, ta yi kusan wata biyu tana neman magaji kafin ta ɗauke Matt Campbell daga Iowa State. Ki zauna da Ferentz tun yanzu, ku yi magana ta gaskiya a kan shekarar da zai ajiye. Ki riƙe sunayen waɗanda kike ganin za su iya, na ciki da na waje, kuma zaɓin ya zama naki. A nemi shawararsa don girmansa, amma kada a bar masa naɗin magaji. Abin da ya faru da ɗansa ya isa ya nuna cewa son nasa yana iya rufe masa ido.

Harin kuma kada a bari ya koma gidan jiya. Rukunin yamma na Big Ten, inda muke cin maƙwabta da maki 13 mu wuce, an rushe shi a 2024 da shigowar Oregon da USC da Washington da UCLA. Yanzu sai da mai jefa ƙwallo na gaske da masu cafewa. Ki ba shi kuɗin da zai nemo su, sannan ki tambaye shi sakamako kowace shekara, ido da ido, kamar yadda kika yi a 2023.

Maganar baƙaƙen yara kuwa, ina roƙonki da babbar murya kada ki ɗauka ta wuce don an biya kuɗi. Ki riƙa ganawa da su ke kaɗai, ba koci a ɗakin, da waɗanda ke nan da waɗanda suka bar ƙungiyar kafin lokaci, ki ji dalilin tafiyarsu. Idan kika sami abin 2020 ya dawo, to duk abin da na rubuta a sama na janye shi, ki sallame shi ko wasa nawa ya ci. Iyayen yaran nan amana suka ba jami'a.

In ba haka ba, ki bar dattijon nan ya ƙarasa aikinsa. Ranar da zai tafi ina so ta zama ranar da aka sanar tun da wuri, a filin Kinnick, a gama kashi na farko ya juya ya ɗaga wa yaran hawa na 12 hannu, magajin da kika zaɓa yana tsaye a gefensa. Ni da maƙwabcina mun riga mun yi alkawarin za mu zo tare, in Allah ya kai mu, ko da a keken guragu zan turo shi.

Allah ya yi miki jagora.

Naki mai biyayya,
Wani mazaunin Iowa City, mai goyon bayan Hawkeyes, ƙungiyar Jami'ar Iowa.